Tsohon da Ya Gan Mu Ƙafa a Sama

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ni ne Babban Darakta mai kula da dukan masu awon filaye, wanda ba a kafa turke ko a ja sarƙa sai da sa hannunsa. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Rajab, ina zaune a ofishina, sakatarori suna shiga suna fita, aka shigo mini da labarin da ya sa na ajiye abin da ke hannuna: Allah Ya karɓi ran Baba Safiyo a ɗakinsa, bayan jinyar kwana tara, yana da shekara tamanin da ɗaya. An yi masa sutura bayan azahar. Ban saba rubuta ta'aziyya da kaina ba, akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan. Amma wannan tsoho ya wuce a bar wa ma'aikata shi.

Kuma labari ya iso mini cewa ranar Juma'a mai zuwa iyalinsa za su zauna a kan akwatin aikinsa. Magada sun yarda ba za a sayar ba, mutum ɗaya za a miƙa wa ya ci gaba da aiki da shi. Jikoki biyu ne suka bi marigayi fili: 'yar babban ɗansa, wadda yake kira Biro, da ɗan 'yarsa, wanda yake kira Turke. Ofishina yana da shawara a kan wannan batu, zan faɗe ta a inda ya dace. Tukuna bari in yi magana da mai akwatin.

Baba, duk wanda ya taɓa shiga ɗakinka ya san inda akwatin nan yake. Yana ƙarƙashin taga, a kan bulo biyu don kada sanyin ƙasa ya taɓa shi, an lulluɓe shi da bargon da ya fi wanda kake rufa da shi kauri. Na jan katako ne, da maƙulli biyu na tagulla, da maɗaurin fata wanda gumin kafaɗa ya mayar baƙi ƙirin. Kafaɗar wa? Za mu zo nan.

A takardunmu na ofis, sunan abin da ke cikin akwatin tiyodolait. Kai ba ka taɓa kiransa haka ba, ka ce suna ne mai karya haƙori. Alƙali kake ce masa, domin aikinsa ɗaya ne: a nuna masa turke biyu, ya faɗi girman kusurwar da ke tsakaninsu, ba ruwansa da fuskar mai fili. Ƙafa-ukun da ake ɗora shi a kai ita ce kujerarsa. Akwai wani ɗan ƙarfen tagulla mai tsini, bai fi ƙwan kaza ba, da ake ratayewa da zare a ƙarƙashin kujerar har tsininsa ya nuna kan ƙusar da ke bisa turke. Shi ne Shaida, kuma ka ce Alƙali ba ya zama sai Shaida ya tabbatar a wurin ne. Kumfar da ke yawo cikin ɗan bututun gilashi ka kira ta Zuciya. Ba a fara aiki sai ta kwanta a tsakiya, kana murɗa kunnuwan nan uku na ƙasa a hankali kamar mai lallashin jariri. Faifan da aka zana wa digiri ɗari uku da sittin ka bar masa sunansa, amma ƙaramin ma'aunin da ke zamewa a jikinsa, wanda sai da gilashin ƙara girma ake karanta shi, ka sa masa Ɗan Gulma, wai shi ke kawo ƙananan maganganun da Faifai ya yi shiru a kansu, wato minti da daƙiƙa.

Ba ka taɓa yarda da karatu ɗaya ba. In ka karanta kusurwa, sai ka kifa madubin, ka juya Alƙali, ka sake karantawa ta ɗaya fuskar. Wannan kake kira jin ta bakin ɗaya ɓangaren. In kuma aka zagaye fili mai kusurwa uku, dole jimilla ta zo ɗari da tamanin, amma ba ta taɓa zuwa cif, kullum akwai ɗan abin da ya ragu ko ya ƙaru. Shi ka sa wa suna ƙaryar yini. In ƙanƙanuwa ce, sai ka raba ta daidai wa kusurwoyin uku, kowa ya ɗauki nasa, kada a ɗora wa guda. In ta yi girma kuwa, babu rabo, sai a koma a sake tun daga turken farko, ko rana ta kai tsaka, ko gwiwa tana kuka. Mu manya mun yi makarantu a kan wannan aiki, amma ban ji wanda ya faɗe shi da sauƙi kamar yadda ka faɗa ba.

Mutane za su daɗe suna ba da labarin tela da ƙanensa mai gyaran babur. Shekara biyu ba sa gaisawa saboda katangar da ke tsakanin gidajensu, kowa yana cewa ɗan'uwansa ya ci masa taku guda. Suka kira ka. Ka zaunar da Alƙali a bakin titi, ka ba ƙanen sandar nan mai ja da fari, ka ce ya je ya tsaya a ƙarshen katangar. Sannan ka ce wa telan, "Zo ka leƙa, ka gaya mini abin da ka gani." Ya kanga ido, can ya ce, "Baba, wannan abin naka lafiyarsa ƙalau kuwa? Ga ƙanena can rataye kamar jemage." Ka ce, "Haka yake nuna kowa. Kai ma haka zai gan ka." Ƙanen ya jiyo daga can, ya ɗaga murya ya ce, "Wallahi Yaya sai na rama." Aka musanya, yayan ya riƙe sanda, ƙanen ya leƙa, ya yi dariya har ya dafa ƙasa. Kafin ka gama karanta fuska ta biyu sun manta da fuskar da suka zo da ita. Katangar ta fito ta kauce da faɗin tafin hannu kawai, ba taku ba, kuma ba ka taɓa gaya wa kowa wajen wa ta kauce ba. Ka ce su bar ta haka, tun da ba ta faɗi a kan kowa ba.

Madubin Alƙali irin na da ne, kowa yake nunawa a kife. Shekara hamsin da ɗoriya haka ka ga mutanen garin nan, masu kuɗinsu da talakawansu, ƙafa a sama, kai a ƙasa. Ina jin shi ya sa babu wanda ya taɓa ba ka tsoro, kuma babu wanda ka raina.

To, tela ya leƙa. Mai gyaran babur ya leƙa. An shaida mini wata tsohuwa mai sayar da itace ta tsaya kallo wata rana, ka kira ta ta leƙa, ka kuma ɗaga jikanta mai majina a hanci ya leƙa. Direban da ya taɓa kai ku fili sau ɗaya tak, shi ma ya leƙa. Binciken ofishina ya nuna cewa mutum ɗaya ne a cikin duk waɗanda suka zauna kusa da kai bai taɓa sa ido a madubin nan ba, kuma shi ne wanda ya ɗauki akwatin a kafaɗarsa shekara goma sha ɗaya.

Ina nufin jikanka Turke. Fayil ɗinsa yana gabana. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara tara, ka je da kanka ka ɗauko shi da uwarsa, ka ba su ɗakin da ke kusa da naka. Ka bar shi a makarantar allo har ya sauke, ka ce karatun da ya fara shi zai gama. Da ya kai sha uku ka fara fita da shi. Shi ke ɗaukar akwati, shi ke buga turaku, shi ke tafiya can nesa da sanda ya tsaya a rana. Ya san maganar hannunka daga nisan da ba a gane fuskar mutum: ka miƙe dama, ya matsa dama, ka karkaɗa yatsu, ya matsa kaɗan ƙwarai, ka ɗaga hannu biyu, ya daskare, ka kaɗa hula, ya taho. Ya san ranar da gwiwarka ke ciwo tun daga yadda kake buɗe ƙafafun kujera. Yaro ne haziƙi, mai kyan gani, kuma mai haƙuri fiye da yadda ake zato. Ba ni na faɗa ba, haka aka rubuta.

A cikin madubin Alƙali akwai gashi biyu sirara da suka gicciye juna, a mahaɗarsu ake daidaita sandar da ake hange. Mutane da yawa ba su san cewa ba gashi ba ne, zaren gizo-gizo ne. In ɗaya ya tsinke, sabon zare ake nema. Saboda haka akwai wata kusurwa a saman ɗakinka, bayan ƙofa, da ka hana a share. Inna, matarka, ta yi shekara da shekaru tana yaƙi da wannan kusurwa. Takan tsaya da tsintsiya ta ce, "Malam, baƙi suna shigowa ɗakin nan, sai su ce babu mace a gidan." Kai kuma ka ce, "Ki ce musu ma'aikacina ne, a nan yake kwana." Wa ke hawa kan kujera da ɗan reshe mai baki biyu, ya naɗo zaren a hankali ba tare da ya yi numfashi ba? Turke. Sau huɗu aka canja gashin nan a zamaninsa, duk shi ya kawo zaren. Da hannunsa ya ɗauko, da idonsa bai taɓa ganin yadda suke a ciki ba. Baba, ina girmama ka, amma wannan ko a ofishinmu ba ma yi wa masinja haka.

Gaskiya ne, akwai wani ɗan shafi a fayil ɗin. A shekararsa ta farko, yaron ya ciro maganaɗisu daga bayan lasifikar wata matacciyar rediyo, ya zura maka a aljihun gaba. A ranar, da kamfas kuke aiki, wanda allurarsa ke nuna arewa ake auna kusurwa daga gare ta. Ka ɗaga kamfas, allura ta dube ka. Ka juya, ta biyo ka. Ka matsa ƙarƙashin bishiya, ta ce tana nan tare da kai. Ka tsaya ka ce, "Yau kuma arewa aljihuna ta dawo?" Da ka laluba ka ciro abin, ka yi dariya har sai da ka zauna a kan akwati. Sannan ka share hawaye ka ce, "Turke, daga yau hannunka a sanda, idonka a kaina. Ranar da ka iya tsayawa wuri ɗaya, ka zo ka leƙa." Daga nan sunan ya samo asali, domin ka ce ko bai zama turke ba, a riƙa kiransa da shi ko Allah Ya sa ya bi sunan. Shekara goma sha ɗaya ana jiran ranar nan. A ganina hukuncin ya yi wa wasan yaro yawa.

Ba zan ce ba ka koya masa komai ba. Ka ba shi igiya mai ƙulli goma sha biyu, ka nuna masa yadda uku da huɗu da biyar ke fitar da kusurwar ɗaki tsaf. Ka ba shi ɗan akwatin katakon nan mai tsaga huɗu da ake kafawa a kan sanda, wanda ka gada daga maigidanka, a leƙa ta wannan tsaga a leƙa ta waccan a sami layi biyu da suka gicciye daidai. Ran da wani magini ya ce masa, "Kai da ko ajin farko ba ka shiga ba, me ka sani?" kai ne ka ce, "Ja zarenka, shi ma ya ja nasa, in naka ya fi na jikana daidai na ba ka hulata." Maginin bai ci ba, hular tana kan Turke har yau. Duk wannan alheri ne, Allah Ya saka maka. Sai dai igiya igiya ce, katako katako ne. Yaron ya san bambancinsu da tagulla da gilashi.

Sai ga Biro. Shekara uku da suka wuce ta dawo daga makaranta da takardar shaida da farar malafa da littafi mai bangon roba. Ranar farko, ranar farko fa, ka sassauta ƙafafun kujerar Alƙali, ka rage musu tsawo daidai idonta. Wanda ya ga wannan da idonsa ya ce sai da ya kau da kai. Ko sunayen ba ta sani ba, da harshen makaranta take kiran komai, kana gyara mata kana murmushi. In ta ce wani dogon suna, sai ka ce, "Ɗan Gulma dai, 'yar nan." Idonka ya fara rauni, ita ke karantawa, kai kana tsaye a bayanta da hannu a baya kamar liman yana sauraren hadda. Shi kuwa wancan yana can nesa yana ƙonewa, yana hango kawunanku biyu a haɗe a kan littafi ɗaya, bai san me ake faɗa ba. In ta ɗaga murya sai ta ce, "Ɗan dakona, miƙe sandar nan, ba rake aka ba ka ka sha ba!" Shi kuma ya ce, "To, Hajiya Lissafi, a yi sauri kafin in narke!" Wasan taubasai ne, kowa ya yi dariya. Amma ba duk mai dariya ne yake dariya har ciki ba.

Ba na cewa yarinyar ba ta iya ba. Ta iya. Abin haushin ke nan.

Akwai wani shafi kuma da ba ya cikin fayil, domin mutum biyu ne suka san shi, ɗaya ya rasu ranar Talata. Kada a tambaye ni yadda na sani. A watanta na biyu ka bar mata aiki sukutum, filin wasan wata makaranta, kusurwa uku, ka ce yau ita ce mai Alƙali. A turke na ƙarshe, mai riƙe sanda ya zame gindinta daga kan ƙusa da faɗin tafin hannu, ya miƙe ta sambal kamar ba abin da ya faru. Da aka haɗa lissafi, ƙaryar yini ta fito ƙatuwa, irin wadda ba a rabawa. Biro ta sake haɗawa sau uku, hawaye ya ɗiga a littafin. Ta ce, "Kaka, ni ce ban iya ba." Kai kuwa ka riga ka leƙa madubin bayan ta gama, kafin a tashi daga wurin, kamar yadda ka saba. Ka ce, "A'a, ni ne ban zaunar da Alƙali daidai ba, tsufa ne. Gobe mu sake." Kwana biyu kuka yi kuna sakewa, kana jan gwiwa daga turke zuwa turke, ba ka ce wa kowa uffan ba. A hanyar dawowa, Biro ta yi gaba, ka rage tafiya har mai ɗauke da akwati ya iso ka. Ba ka dube shi ba. Ka ce, "Turke, a cikin madubin nan ƙafa ce a sama. Ita nake fara gani." Iyakar abin da ka faɗa ke nan, har ka koma ga Allah. Yaron ya so a ce marinsa ka yi.

Yanzu ga halin da ake ciki. Aikinka na ƙarshe bai rufu ba. Filin wasu marayu uku ne da suke son a raba musu su yi gini kafin ruwa ya sauka. An auna kusurwa biyu, ciwo ya kwantar da kai, ta uku tana jira. Kwana biyu bayan rasuwarka Biro ta buɗe akwati don ta ƙarasa maka, sai ta tarar gurbin Shaida babu komai. An birkice gidan. Inna ta ɗaga katifa, ta zazzage aljihunan rigunanka tana kuka. Biro ta koma filin marayu sau biyu tana bin ciyawa da ƙafa, tana cewa ita ce ta yar. Kawu, wato babban ɗan marigayi, ya tambayi Turke ko ya gani, ya ce, "Ni da ba a bari in taɓa?"

Don haka ga shawarar ofishina ga zaman Juma'a. Wanda Shaida ya ɓace a hannunsa bai kamata a damƙa masa Alƙali ba. A duba wanda kafaɗarsa ta san nauyin akwatin, wanda ya san sunan kowane abu yadda mai shi ya raɗa masa, wanda aka yi wa alkawari ba a cika ba. A ba Turke. Na gama magana a matsayina na Darakta.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka. Ka san bai taɓa matsar da turke don a ba shi wani abu ba, bai taɓa cin taƙin maraya ko na gwauruwa ba, ya sha ɗaukar laifin da ba nasa ba don ya rufa wa wani asiri. Ka rufa masa asiri kamar yadda ya rufa wa mutane. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa iyakar ganin idonsa, Ka haskaka shi. Ka sa ya amsa tambaya zuciyarsa a kwance a tsakiya. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa shi da iyayensa da maigidansa da surukinsa da ya riga shi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna, wadda ta zauna da shi shekara hamsin da shida, kuma an ce har yau ba ta kai tsintsiya bayan ƙofar nan ba. Allah Ya ba ta haƙuri. Ina yi wa Kawu da ƙannensa, da 'yar marigayi uwar Turke, da jikoki baki ɗaya, da magina da leburori da duk wanda ya taɓa riƙe masa bakin sarƙa. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.

Saura sa hannu.

A nan na tsaya, Baba. Na ɗauki takardar na karanta ta daga sama, ta yi mini daɗi. Sai na tuna ba ka karɓar karatu ɗaya, na kifa ta na karanta ta ɗaya fuskar. Ƙaryar yini ta yi girma. Ba irin wadda ake raba wa mutane ba ce.

Babu wani Darakta. In ma akwai shi, bai san ka ba, kuma ba shi da labarin ka rasu. Ba ni da ofis, ba ni da sakatare, fayil ɗin da na ce yana gabana bayan kwalin sabulu ne. Da ajami na rubuta, a zaune a gefen bulo biyun nan na ɗakinka, na kai wa mai shagon buga takardu ya juya mini zuwa boko. Tun a layi na uku ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe Darakta, yaushe aka fara zuwa ofis da silifas ɗin wanka?" Na ce ya buga kawai. Na san Inna ma tun daga zancen kafaɗa za ta gane, Kawu kuwa tun daga inda na ce masa Kawu.

Shaida yana aljihuna. Na ɗauke shi ranar Talata, lokacin da aka fita da kai, ɗakin ya zama ba kowa. Da farko ba don sharri ba ne, so nake in riƙe wani abu naka mai nauyi a hannu. Daga baya da na ga ana nema, na ga Biro tana kuka, sai na bar shi ya zama sharri. Kuma ni ne na zame sanda a filin makaranta. Biro, ke ba ki taɓa kuskure ba ranar nan, karatunki daidai ne tun na farko. Kin yi shekara uku kina sake duba kowane lissafi sau uku saboda ni. Ki yafe mini, in kin ga dama ki fara zagina tukuna, na cancanta.

Kawu, a soke shawarar Darakta. A ba ta akwatin. Na san sunan Ɗan Gulma, amma ban san abin da yake faɗa ba, ita ce ke jin maganarsa. In aka ba ni, bargo kawai zan riƙa lulluɓa masa, marayu kuwa su yi ta jira. Kada a ɗauka kishin ya tafi. Yana nan daram, ina jin zan mutu da shi. Duk ranar da na ga ta buɗe maƙullan nan sai ya taso mini. Amma zan ɗauki akwatin, domin ba ta san inda maɗaurin yake cizo ba.

Gobe da safe zan sa Shaida a hannun Inna. Ranar Asabar zan je filin marayu in tsaya a turke na uku, gindin sanda a kan ƙusa, ko ƙuda ya shiga mini hanci ba zan motsa ba, har a ji ta bakin ɓangare biyu, a rufe maka aikinka. In Biro ta duba ƙafata ta ga ban kauce ba, roƙona ɗaya ne. Ta ƙara wa ƙafafun kujera tsawo daidai idona, ta karɓi sanda ta je can ta tsaya a rana. Ina son in ga zaren da na kawo. Ina son in ga Hajiya Lissafi rataye kamar jemage. Ina son in ga, ko sau ɗaya ne, yadda ka yi shekara goma sha ɗaya kana ganina.

In kuma ta ce na motsa, to, zan jira wata Asabar.

Allah Ya jiƙanka, abokina, tsohon da ya hana ni leƙe.

Ni ne jikanka, Turke.